Iccen Bakan Baba

Makon jiya muka kai wani maƙwabcina kushewa. Da aka sa shi a rami, sai na ga samari suna sauke falle-fallen siminti daga amalanke, suna jera su a kansa ƙwaf, ƙwaf, kamar masu rufe hanyar ruwa a birni. Ba wanda ya ce uffan. Ni ma ban ce ba, ni da mutanen garinmu suke cewa ko a rijiya na faɗa sai na ba kwaɗi labari kafin in nemi igiya. Na tsaya da ƙasa a hannuna, ina jira in ji wani abu ya motsa a ƙirjina. Ba abin da ya motsa. Sai dai na tuna da icce muke rufe mutanenmu, daga nan kuma na tuna ranar da muka rasa sanin iccen da za mu rufe mahaifina da shi.

Ƙauyenmu yana gindin dutse, tsakanin Buza da Tama. Yaran yanzu in na ce musu dutsen nan ya taɓa yin daji, sai su dubi juna. To, ya yi. Dajin da in jakinka ya shiga ya ɓace, sai dai ya dawo maka da jikoki. Geza da sabara da ɗunɗu sun kama hannun juna tun daga bayan rumbuna har inda ido ya gaji. Mata ba su tafiyar icce, miƙa hannu suke yi ta bayan zana. Da safe ba zakara ke tashinmu ba, zabin daji ne, suna zage-zage a kan dutse kamar matan da aka ci wa iyakar gona. Sai ƙarar turmi, sai guga yana dukan bakin rijiya, sai uwar maƙera ta fara amsa guduma a ƙarshen unguwa. A cikin duk wannan hayaniya akwai ƙara guda da ba ta fita gidanmu. In Baba ya sallame sallar asuba, sai ya sauko da bakansa daga rataye, ya kai shi kusa da kunne, ya ja tsarkiyar da ɗan yatsa ya saki. Dum. Ya saurara har ƙarar ta mutu. Sannan ne yake amsa gaisuwa. Yau da safe abin da ke tashina shi ne salular maƙwabta da babur ɗin da ya ƙi tashi.

Baba mahalbi ne, ɗan mahalbi. Bakan nan ya girme ni, ya girmi aurensa da Inna. Baƙi ne wuluk, yana ƙyalli, don man shanu da hayaƙi da gumin hannu sun shiga shi har ba a ganin jikin iccen. A tsakiya, inda ake riƙewa, an naɗe shi da fatar guza, ga laya ƙarama ɗaure a gefe. Aikinmu mu yara shi ne yanko kyauron kibau a kwari da kawo man shafawa. Kwarin kibau kuwa ko inuwarsa ba mu takawa, saboda dafi. Mace ba ta taɓa bakan. Inna tana share ɗakin kullum, amma in ta zo ƙarƙashinsa sai ta sunkuya ta wuce kamar mai wuce suruki.

Akwai wani abu na mahalban gidanmu, tun kakanni, tun kafin salla ta shigo gidan: mahalbi ba ya faɗin iccen bakansa. Wai in maƙiyinka ya san shi, zai je wurin irin wannan icce ya ƙulla reshensa yana kiran sunanka, daga ranar kibiyarka ba ta sake tafiya daidai. Wasu mahalban in an tambaye su shiru suke yi. Baba ba ya shiru. Duk wanda ya tambaye shi sai ya ba shi suna, ya haɗa masa da labari har da ranar kasuwa. Ni ɗunɗu ya ce mini. Ya ce ya tarar da damisa tana barci a gindinsa, sai da ya yi mata sallama ya ce ta ɗan matsa, ta matsa, ya sari reshensa, ya ce ta koma ta kwanta. Na yarda har cikin ƙashina. Mutane suna cewa hannun Baba ya bi shi kushewa, bakinsa ne kawai ya bar mini gado. Ba su yi ƙarya ba. Ni ko ƙadangare ban taɓa samu ba, amma na kashe giwaye da yawa a majalisar shayi.

Sai shekarun nan da ruwa ya ƙi zuwa. Ba zan ba da labarinsu ba, duk wanda ya kai shekaruna ya san su, kuma ban taɓa samun abin ban dariya a cikinsu ba ko da na nema. Abin da na sani, dutsen ya yi sanƙo muna kallo. Abin da rana ta bari awaki suka ci, abin da awaki suka bari gatari ya ɗauka. Barewa ta tafi, zabi suka yi shiru, kurar da ke hana mu fitsarin dare ta bar ƙasar ba sallama. Daga baya aka zo ana dasa dogon yaro layi-layi a cikin kwari don tare iska, Baba ma ya je ya yi ta haƙa ramuka da sauran maza. Bai sake shiga daji da kwari ba, don ba dajin. Amma kowace safiya, dum. Wata rana ina saurayi, ina shirin tafiya biɗa Kurmi, ci-rani can kudu, ya ga ina kallon bakan, ya ce, "Naka na, in na tahi. Ko ba ka halbi komi ba, ka riƙa shahwa mishi mai." Na tafi da maganar nan har bakin teku. Can duk wanda muka kwana ɗaki ɗaya da shi ya san ina da baka a gida wanda in an ja shi a Buza ana jin ƙararsa a Madawa.

Da bazara ciwo ya kwantar da shi, na dawo ke nan. Irin zafin nan da kaza ke tafiya baki buɗe. Da la'asar muna zaune kewaye da shi: ni, da gwaggona ƙanwarsa da ta zo daga garin aurenta, da tsohon maƙerin unguwa, abokinsa tun ƙuruciya, wanda ya ƙera masa kowace kibiya da ya taɓa harbawa. Inna tana bakin ƙofa da ƙwaryar hura. Baba ya ɗaga ido ya dubi bakan.

"In na tahi, ku ruhe ni da ɗan'uwan bakana. Ko sanda guda ta, a sa cikin itacen kushewa. Haka anka yi ma ubana, haka anka yi ma ubanai."

Na san al'adar. Wai kura in ta ji warin iccen bakan mahalbi ba ta tona shi. Sai bakina ya riga ni. Na ce, "Baba, ai kurar ta bar ƙasarga tun ban yi gemu ba."

"Ban ce maka don kura ba. Cewa niy yi a yi."

"To, Baba. Wane icce na?"

Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya yi irin murmushin da yake yi in zai sayar wa mutum da damisa.

"Akwai wanda yas sani cikin gidanga."

Na gyaɗa kai. Maƙeri ya gyaɗa kai. Gwaggo ta gyaɗa kai har da share hawaye. Kowannenmu ya tabbata da shi ake.

Da gari ya waye, bayan asuba, ya cika. Ba a yi dum ba ranar. Na ji mata sun fasa kuka, na tsaya a tsakar gida ina jira nawa ya zo. Bai zo ba. Masu haƙa suka tafi da kayansu, maza suka cika zaure, liman ya zo. Na sauko da bakan, na fito da shi, na ce a ba ni gatari in je in saro ɗunɗu.

Maƙeri ya ce, "Ɗunɗun mi? Kai ɗan maƙaryaci, zamna. Geza ta. Rana guda anka yi muna kaciya ni da ubanka, ni za shi yi ma ƙarya?"

Daga bayan zana muryar gwaggo ta taso, kukan ma ta ajiye shi gefe. "Magarya ta! Ni da munka sha nono guda da shi! Da bakinai yac ce mini magarya!"

Liman ya yi gyaran murya. Dattijo ne da ba ya son hayaniya. Ya dubi ƙasa ya ce, "Ni dai aduwa yac ce mini. Kuma a ƙohwar masallaci."

Wani ya fashe da dariya, ya mayar da ita tari. Wani daga can baya ya ce shi marke aka gaya masa. Kafin a ankara, duk iccen da Allah ya taɓa halitta a ƙasarmu ta Adar ya samu mai rantsuwa a kansa. Gawar Baba tana ɗaki, shi kuwa yana zaure yana ta juya mu.

Maƙeri ya karɓi bakan, ya kankare gefensa da wuƙa, ya shinshina, ya sa haƙori, ya ƙwanƙwasa shi a kunne. Ya ce, "Man shanu nika ji, da hayaƙi, da hannun abokina. Icce ya ɓuya." Wani ya ce to a saro kowanne a zuba, ɗaya zai dace. Maƙeri ya girgiza kai. "In yay yi muna ƙarya mu duka, na gaskiyar ba shi cikinsu. Kuma cewa yay yi cikin gidanga. Ni ba ɗan gidanga ba na, Malam ba ɗan gidanga ba na, waccan mai ihu ta yi aure ta hita." Ya dube ni sama da ƙasa. "Kai ko, wa za shi ba ka asiri?"

Na shiga wurin Inna. Tana zaune a tabarma, fuskarta ga bango, mata sun kewaye ta. Na durƙusa.

"Inna, ke mi yac ce miki?"

Ba ta juyo ba. "Abin da yaka ce ma kowa. Ƙarya."

"Wace iri?"

Ta ce, "Ina amarya nit tambaye shi, sau guda. Yac ce dargaza. Nic ce, dargazar da yara ka cin ɗiyanta, mata ka jiƙa ɓawonta? Niy yi mishi dariya. Shi ma yay yi dariya. Ban sake tambaya ba." Ta miƙo hannu ta baya. "Kawo shi nan."

Wata tsohuwa ta ce, "Ke, mace ba ta..."

"Yanzu wa za shi hana ni?"

Na sa mata bakan a hannu. Ranar ce ta fara taɓa shi. Ta bi shi da tafin hannu tun daga wannan baki har wancan, a hankali, ta tsaya a kan fatar guzan. Ta ce in kwance. Na sa wuƙa na yanke ɗinkin. A ƙarƙashin fatar, inda mai da hayaƙi ba su taɓa kaiwa ba, ashe bai feƙe iccen ba, ya bar masa ɓawonsa gwargwadon tafin hannu, busasshe, toka-toka. Inna ta ɓantari ɗan kaɗan da farce, ta jefa a ƙwaryar ruwan da ke gefenta. Muka zauna muna kallon ƙwarya kamar za ta yi magana. Can ta tsamo shi, ta murza tsakanin babban yatsa da manuni, ta buɗe yatsun. Yauƙi ya miƙe a tsakaninsu, siriri, bai tsinke ba.

Ta daɗe tana kallonsa.

"Dargaza ta," in ji ta. Sannan ƙasa-ƙasa, ita da ko sunansa ban taɓa jin ta kama ba, ta ce, "Tsohon banza. Rana guda da yay yi gaskiya, niy yi mishi dariya."

Ba ta yi kuka ba. Ba ta kuma goge yatsun ba. Ta aza hannun a kan gwiwarta, ta mayar da fuskarta ga bango.

Na ɗauki gatari na fita da gudu. Dargaza ai na san ta kamar tafin hannuna. A kwazazzabon bayan dutse take, inda muke cika aljihu da 'ya'yanta muna yara, mu yi ta tsotsa har harshe ya yi kanta. Na yi gudun da inuwata ta ce in jira ta. Na isa kwazazzabon, na tarar da duwatsu suna tafasa, da 'yan itatuwan anza nan da can, da kututture baƙaƙe da ba a gane ko na mene ne ba. Na hau, na sauka, na leƙa kowane lungu da na sani. Sai a lokacin na tambayi kaina yaushe rabon da in ga dargaza. Ban sani ba. Ta tafi ban lura ba, kamar yadda mutum ba ya lura da ranar da ya daina jin wata murya a unguwa. Na gamu da wani makiyayi a inuwar dutse da 'yan awakinsa, na tambaye shi. Ya dube ni da gatarina ya ce, "Dargaza? Ɗana, tun shekarun nan ban sake ganinta ba. Daga nan har bayan Tama ba inda ban taka ba. Da ka ce dogon yaro." Na yi masa godiya. Ina jin har wata 'yar ba'a na yi masa kan awakinsa, ban tuna ko ya yi dariya ba.

Da na dawo rana ta hau. An yi wanka, an sa likkafani, makara tana ƙofar gida. An saro dogon yaro an ɗaure dami guda. Liman ya matso kusa da ni ya ce a hankali, "Ɗana, zahi na ƙaruwa. Haƙƙinai na a gaggauta. Ka yi iyakar ƙoƙarinka, Allah ya gani."

Na ce babu dargaza. Na faɗa da ƙarfi don na ciki su ji. Maƙeri yana riƙe da bakan tun fitata, sai ya miƙo mini. Na karɓa. Na ga ya dubi bakan, ya kawar da kai. Na ga wasu dattawa biyu sun dube shi, sun dubi ƙasa. Da wani ya buɗe baki ya ce a sa bakan a rami, na rantse da na ƙi. Da na ce nawa ne, shi ya ba ni, da na kawo shaidu har daga bakin teku. Amma ba wanda ya faɗa. Suka bar ni tsaye da dargaza guda da ta rage a ƙasarmu, a hannuna.

Na ce, "To, ga ta nan."

Liman ya ɗaga hannu. "A'a. Ba a sa makami da laya cikin kushewar Musulmi. Wanga ba ni yarda da shi."

Maƙeri bai yi gardama ba. Ya karɓi bakan, ya taka baki ɗaya da ƙafa, ya lanƙwasa shi a gwiwa, ya zare tsarkiyar. Ya yanke layar ya sa a aljihu. Iccen ya ɗan miƙe, kamar tsohon da aka sauke wa kaya.

"Allah shi gahwarta Malam, dibi nan. Mi kag gani?"

Liman ya daɗe yana kallo. Shi ma aboki ne, shi ma an sayar masa da aduwa a ƙofar masallaci.

"Sanda," in ji shi. "Sanda ban hana ba."

A bakin ramin aka auna. Ya yi tsawo, sai an sare shi uku kafin ya gicciya. Na miƙa wa maƙeri gatari, ya mayar da hannuwansa baya. "Ni nika ƙera mishi kibau. Ba ni sare bakanai." Sai na aza shi a kan dutse na sara da kaina. Ban san me na zata zai faru ba, ko ƙara, ko iska, ko hannuna ya ƙi. Ba abin da ya faru. Icce ne, ya tsage kamar icce. Cikinsa kawai ya ba ni mamaki, fari-fari mai ɗan rawaya, kamar jiya aka saro shi daga kwazazzabo. Na shiga ramin, na gicciya ɗaya daidai kansa, ɗaya daidai ƙirji, ɗaya wajen ƙafafu. Aka cike tsakani da dogon yaro, aka shimfiɗa ganye, aka yaɓa laka, aka tura ƙasa. Abin da na ji a lokacin, in faɗi gaskiya, ƙishirwa ce kawai.

Tsarkiyar tana wurina har yau, naɗe a cikin tsohuwar hula. Wani lokaci da safe nakan ja ta tsakanin hannuwana in taɓa da yatsa. Ba ta cewa komai. Inna ta rayu shekaru bayansa. In baƙi sun zo suna tuna ƙaryace-ƙaryacen Baba ana dariya, ita ba ta sa baki. Sai dai in ka dubi hannunta, za ka ga babban yatsa yana murza manuni, a hankali.

Da muke dawowa daga kushewar maƙwabcina makon jiya, babban ɗana yana tura babur ɗinsa a gefena, don ya ƙi tashi kamar kullum. Ya ce, "Baba, shi kaka da mi anka ruhe shi? Lokacin akwai siminti?"

Na ji labarin damisa ya hau harshena, har da sallamar. Na haɗiye shi. Na ce, "Da dargaza."

Ya tsaya, ya dube ni, ya tuntsire da dariya har babur ya kusa faɗuwa. "Baba ke nan! Dar mi? Wanga kuma yau kaƙ ƙirƙiro shi. Ba wani icce mai sunan nan."

Na dube shi. Sai ni ma na yi dariya, muka ci gaba da tafiya.